Kuɗin Kirifto: Mu San Cinikin Kafin Mu Nemi Hukunci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halatta ciniki ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, a ƴan watannin nan babu tambayar da ta fi zo mana bayan karatun Magariba kamar wannan: "Malam, kirifto halal ne ko haram?" Kwanan baya wani dattijo daga cikin masu sahun farko ya tsare mu a ƙofar masallaci, idonsa ya yi ja. Ɗansa ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya zuba kuɗin a wani shiri na waya da aka ce za su ninka cikin wata guda. Ranar cirewa ta zo, shafin ya rufe. Yau babu babur, babu kuɗi, ga mata da ƴaƴa biyu.

Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci mene ne shi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana hana wanda bai san fiƙihun ciniki ba ya yi kasuwanci a kasuwar Musulmi. To, da muka bincika, sai muka tarar kalmar kirifto ɗaya ce a baki, amma harkoki huɗu ne a ƙarƙashinta, kowace da hukuncinta.

Mene ne shi kansa?

Na farko da aka fara shi ne Bitcoin. Wani da ya ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da bayaninsa a 2008, ya fara aiki a watan Janairu 2009. Ba takarda ba ce, ba kwabo ba ne, rubutu ne a littafin lissafi. Kun san littafin da mai kanti yake rubuta wane ya biya, wane ya saura? To haka yake, sai dai wannan littafin ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Dubban kwamfutoci a duniya kowace tana riƙe da kwafinsa, shi ya sa goge abin da aka rubuta yake da matuƙar wuya. An tsara cewa adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba.

Sefar da ke aljihunmu bankin BCEAO ne ke fitar da ita, an kuma ɗaure ta da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Shi Bitcoin babu bankin da ya tsaya masa, farashinsa abin da masu saye da sayarwa suka yarda ne kawai. A Nuwamba 2021 guda ɗaya ya kai kusan dalar Amurka 69,000. Bayan shekara ɗaya ya faɗo ƙasa da 16,000. A Disamba 2024 ya haura 100,000. Ku riƙe wannan hawa da sauka, za mu dawo kansa.

Harka ta farko: haƙa ta gaskiya

Kusan kowane minti 10 ana ƙara sabon shafi a wancan littafin. Na'urori na musamman suna tsere wajen gano wata lamba ta hanyar gwaji sau biliyoyi. Wadda ta riga ganowa ita ke rufe shafin, sai a ba mai ita lada. Da farko ladan Bitcoin 50 ne, ana raba shi biyu kusan duk shekara huɗu: 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sannan 3.125 tun Afrilu 2024. Wannan shi ne abin da samari ke kira mainin, wato haƙa.

Na'urar haƙa guda ɗaya tana cin wutar da ta kai wat 3,000, kamar a kunna dutsen guga biyu ko uku dare da rana ba kashewa, ga zafi da take fitarwa. Manyan kamfanoni ke jera dubbansu a inda lantarki ke da araha. Wayar hannunka ba za ta iya wannan tseren ba. Malaman da suka halatta haƙa sun kwatanta ta da ju'ala, wato a ce duk wanda ya gano raƙumin da ya ɓata yana da kaza: ladan sananne ne, aikin kuma na gaske ne. Amma wanda ya jona wuta ta bayan mita don ya yi haƙa, wannan ya ci haram tun kafin a zo maganar kirifto.

Harka ta biyu: danne-dannen waya

Wannan ita ta fi yawa a tsakanin ɗalibanmu. A 2024 duk mun ga yadda Hamster Kombat ya cika wayoyi ta Telegram, yaro da babba ana ta dannawa, wani har a cikin masallaci tsakanin kiran salla da iƙama. Da aka yi rabo a watan Satumba na shekarar, da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. A nan babu lissafin da wayarka ke yi wa wani littafi. Maki ne masu shirin ke ba ka don ka kalli talla, ka kuma jawo musu mutane, da alkawarin wata rana makin zai zama kuɗi.

A fiƙihunmu na Malikiyya, ijara da ju'ala duka sai an san ladan. Wanda ya yi wata shida yana aiki bai san abin da za a biya shi ba, ya shiga jahilcin lada. In bai zuba ko dala ba, ba za mu ce ya yi caca ba, amma ya kashe lokacinsa da kuɗin intanet, kuma za a tambaye shi rayuwarsa a me ya ƙarar da ita. Ɗalibin da haddarsa ta tsaya saboda dannawa, shi ya san abin da ya rasa. In kuwa aka ce sai ka biya wani abu kafin ka cire ladanka, to ka gudu, tarko ne.

Harka ta uku: saye da sayarwa

A nan malaman zamani suka yi saɓani. Darul Ifta ta Masar, a zamanin Mufti Shauƙi Allam, ta haramta mu'amala da Bitcoin saboda garari da cutarwa da rashin hukumar da ta tsaya masa. Majalisar malaman Indunusiya, a Nuwamba 2021, ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi, amma ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja mai amfani bayyananne. A Malesiya kuwa, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jari ta halatta cinikinsa a 2020 a kasuwannin da aka yi wa rajista.

Masu halattawa suna kafa hujja da al'ada. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. An ruwaito a Mudawwana cewa Imamu Malik yana ganin ko fatu mutane suka mayar kuɗi, hukuncin canjin kuɗi zai hau kansu. Masu hanawa kuma suna cewa wuri kowa ya san ƙimarsa a kasuwa daga safe zuwa yamma, shi kuwa wannan yana iya zubewa kafin ka sallame salla, kuma mafi yawan masu sayensa ba don su sayi hatsi da shi suke yi ba, jiran hawan farashi kawai suke.

Abin da muke so ɗalibai su lura da shi: ko waɗanda suka halatta, sun halatta ne da sharuɗɗa. Ciniki ya zama hannu da hannu, ka biya, abin ya shiga mallakarka a take, kamar yadda hadisin zinariya da azurfa ya shardanta a canji. Kada ka sayar da abin da ba ka mallaka ba, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Hakimu ɗan Hizamu.

Da wannan ma'aunin, abin da ake kira fiyuca ya faɗi. Ga yadda yake: ka sa jika 10, kasuwar ta ba ka damar ciniki kamar kana da jika 200, wato ninki 20, kana cacar farashi zai hau ko zai sauka. In ya motsa kashi 5 cikin 100 ta inda ba ka so, jikarka 10 ta tafi gaba ɗaya. Ba ka karɓi haja ba, ba ka mallaki komai ba, wani ya ci, kai ka faɗi. Wannan ita ce maisir da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa da giya. Haka nan ba da kirifto bashi don a ƙara maka kaso tabbatacce, riba ce ko da an sake mata suna. Su kuma masu haɗa baki su yi ta zuga wani sabon kwabo har farashinsa ya hau, su sayar su bar jama'a da asara, ai najashu ne da aka hana a hadisi.

Harka ta huɗu: damfara da rigar kirifto

Wannan babu saɓani a kanta, ita ce kuma ta cinye babur ɗin wancan yaron. Ana biyan na farko da kuɗin na baya, ranar da masu shiga suka ragu sai a rufe. Ƴan'uwanmu na Najeriya sun gani a MMM da ya daskare a Disamba 2016, sun sake gani a CBEX a Afrilu 2025. OneCoin ya kwashe wa mutanen duniya biliyoyin dala, shugabarsa Ruja Ignatova ta ɓace tun 2017. Ko babbar kasuwar FTX da ake ganin ba za ta girgiza ba, ta rushe a Nuwamba 2022, aka yanke wa mai ita ɗaurin shekara 25. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Alamominta uku ne, ku koya wa na gida. An lamunce maka riba tabbatacciya, alhali ciniki na halal ba ya rabuwa da yiwuwar faɗuwa. An ce ribarka na ƙaruwa da yawan mutanen da ka kawo. An ce ka yi sauri kafin a rufe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda kuma ya gane damfara ce ya ci gaba da jawo mutane don ya fitar da nasa, ya ci dukiyar ƴan'uwansa da ɓarna, abin da aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana. Sai ya mayar wa masu haƙƙi kafin tubarsa ta cika.

Zakka da gado

Wanda ya bi fatawar masu halattawa, to ya bi ta har ƙarshe. In ƙimar abin da yake riƙe da shi, haɗe da sauran kuɗinsa, ta kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, shekara kuma ta kewayo, zai fitar da kashi 2.5 cikin 100: jika 25 a kowane miliyan ɗaya na sefa. Ba a ɗaukar sauƙin fatawa a bar nauyinta.

Sannan akwai maganar mutuwa. Asusun da mutum ke riƙewa da kansa, mabuɗinsa kalmomi 12 ne ko 24. In suka ɓata, babu ofishin da zai buɗe maka. Mutum ya rasu bai bar su a rubuce ba, dukiyar marayu ta salwanta har abada, liman da alƙali ba su da abin da za su raba. Annabi ya kwaɗaitar da kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. A rubuta su a takarda, a rufe, a ajiye inda amintacce ɗaya ya sani. Kada a tura wa kowa su ta waya, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Abin da muke gani

Damfara, fiyuca, riba da najashu haram ne, ba mu da shakka. Danne-dannen waya asarar lokaci ce da lada marar tabbas. Saye da riƙe sanannen kirifto hannu da hannu, mas'ala ce ta saɓani, ba ma tuhumar addinin wanda ya bi fatawar malamai amintattu. Amma a wurinmu yana cikin shubuha, kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya nuna cewa mai nisantar shubuha ya tsare addininsa da mutuncinsa. Kuɗin cefane, kuɗin makaranta, jarin sana'a, amanar wani ko bashi, kada ɗaya ya shiga wannan kasuwa.

Iyaye kuma, a rage zagi, a ƙara tambaya. Rashin aiki ne ya tura yawancin yaran nan. Wancan saurayin yanzu yana zuwa karatu, wasu ƴan kasuwa na masallaci suna shawarar haɗa masa rancen da babu riba don ya koma sana'arsa. Duk wanda aka kawo wa wani shiri, ya zo mu duba shi tare kafin ya zuba kuɗi.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Amin.