Tsimin Kuɗin Kaka Domin Aikin Damina

Gabatarwa

Manomi yakan ga kuɗi mai kauri sau ɗaya ne a shekara, wato lokacin kaka, amma buƙatun gida da na gona ba su yankewa har watanni goma sha biyu. Daga Nuwamba zuwa Janairu rumbu cike yake, aljihu da nauyi, bukukuwa kuma sun buɗe. Kafin ruwan shuka ya sauka a watan Mayu ko Yuni, sai ka tarar an sayar da hatsin, kuɗin ya bi iska, ga gona tana jiran iri da taki. A nan ne manomi yake shiga bashi, ko ya rage taki, ko ya yi shuka a makare. Wannan bayani zai nuna maka, kai manomi, da kai malamin gona mai ba shi shawara, inda kuɗin ke zurarewa da yadda za a toshe kafar tun da wuri.

Dalilin da ya sa tsimi ya zama dole

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki farashin naira a watan Yuni na wannan shekarar, kuɗin sufuri da na huɗar tarakta da na taki suka tashi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashin kaya a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. A 2025 kuwa farashin masara da shinkafa ya faɗi a kasuwanni, alhali taki bai sauko yadda hatsi ya sauko ba. Ba ka da iko a kan farashin kasuwar Dawanau ko na kamfanin taki. Abin da ke hannunka shi ne abin da kake fitarwa daga aljihunka, don haka daga nan gyara zai fara.

Fara da lissafin damina

Kafin ka sayar da buhun farko, zauna da takarda da biro, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka, ka lissafa abin da damina mai zuwa za ta ci. Ɗauki masara a matsayin misali. Shawarar masu bincike ga yankunan da ake noman masara sosai a Arewa ita ce kadada ɗaya tana buƙatar iri kilo 20 zuwa 25, da takin NPK 15:15:15 buhu 8, da yuriya kusan buhu 3, kowane buhu mai kilo 50. Ƙara kuɗin huɗa, maganin ciyawa, ƙwadago da ɗauko amfani zuwa gida. Bayan haka ka ware hatsin da iyalinka za su ci har sabon amfani ya shigo, da haƙƙin da addininka ya ɗora maka, da kuɗin makaranta da na magani. Abin da ya saura bayan waɗannan shi kaɗai ne rarar da za ka iya taɓawa. Manoma da yawa in suka yi wannan lissafi sukan ga rarar ba ta kai yadda ido ya nuna masu ba.

Ka riƙa auna kowace sayayya da buhu. In za ka sayi sabuwar wayar salula, tambayi kanka buhun taki nawa ce, kuma buhun masara nawa wannan takin zai haifar. Farashin naira yana canzawa, amma ma'aunin buhu ba ya ruɗin manomi.

Inda kuɗi ke zurarewa a gida

Kafa ta farko ita ce ƙananan kashe-kashe na kullum: katin waya da data, goro, sigari, tsire, shayin majalisa, hawa babur zuwa inda ƙafa za ta kai ka, da cacar ƙwallo da ta shigo wa matasa ta waya. A ce naira 500 kake kashewa a kan irin waɗannan kowace rana. Daga kaka zuwa shuka, kimanin kwana 180, ka kashe naira 90,000. Je kasuwa ka tambayi abin da wannan kuɗi zai saya maka na iri da taki.

Kafa ta biyu ita ce bukukuwa. Aure da suna da zumunci wajibi ne a rayuwarmu, ba wanda zai ce a bar su. Abin da ake cewa a rage shi ne gasa: anko kala biyu ko uku, lefen da ya fi ƙarfin mai yi, hayar kujeru da makaɗa na kwanaki, da yanka dabbar da aka tanada domin sayen taki. Ku zauna da uwargida da sauran iyali tun kafin kaka ku yanke abin da za a kashe wa kowane biki. Daidai ruwa daidai tsaki. In an yi shawarar tare, ba wanda zai ga an tauye shi.

Kafa ta uku ita ce sayen kaya bashi da sunan za a biya in an yi girbi. Kayan bashi sun fi na kuɗi hannu tsada, kuma su ne ke tilasta maka sayar da hatsi a makon da kowa ke sayarwa, lokacin da farashi ya fi faɗuwa.

Inda kuɗi ke zurarewa a gona

Ɓarnar kuɗi ba a gida kaɗai take ba. Lura da waɗannan:

1. Faɗaɗa gona fiye da ƙarfin taki. Kadada ɗaya da ta sami cikakken taki da noma a kan lokaci takan fi kadada biyu da aka raba wa takin kadada ɗaya riba, domin ta biyun ta ci kuɗin haya da huɗa da ƙwadago.

2. Watsa yuriya a saman ƙasa. Yuriya tana da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari, kuma in aka bar ta a fili wani kaso yakan tashi a iska, wani ruwa ya wanke. Tona rami kaɗan a gefen shuka, zuba, ka rufe da ƙasa mai danshi.

3. Yawan feshi. Wake yakan wadatu da feshi biyu zuwa uku in an yi su a kan kari, wato lokacin da zai fara fure, da tsakiyar fure, da lokacin da yake ɗaura 'ya'ya. Feshin kowane mako asarar kuɗi ce da cutar da lafiya.

4. Zuba maganin ƙwari a hatsin ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar magani a jikinsa. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba, kuma ana iya sake amfani da shi muddin ledar ciki ba ta huje ba.

5. Barin takin gida. Kashin dabbobi da toka da sharar gida da aka tara suka ruɓe suna rage yawan takin zamani da gona ke buƙata. Haka nan karɓa-karɓa tsakanin masara da waken suya ko gyaɗa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, tana kuma rage wuta-wuta.

Abubuwan da ba a yi masu tsimi

Araha ba ta ado. Kada ka rage kuɗi ta hanyar sayen iri marar asali a bakin kasuwa, ko takin da aka sake ɗura wa buhu. Nemi ingantaccen iri daga dillalin da hukumar aikin gona ta jiharka ta sani. Kada ka fasa yi wa awaki da tumaki da kaji allurar rigakafi, domin dabba ɗaya da ta mutu ta fi kuɗin allurar garke duka. Kada kuma ka taɓa abincin yara, makarantarsu, ko zuwa asibiti. Wanda ya yi tsimi a waɗannan wurare zai biya ninki daga baya.

Inda za a ajiye abin da aka tsimta

Kuɗin da ke ƙarƙashin matashi yana da saurin fita, ga haɗarin ɓarawo da gobara. Hanya mafi sauƙi ita ce mayar da shi kayan aiki: sayi taki da iri tun cikin rani, kafin rububin farkon damina, ka ajiye a kan katako a wuri busasshe. Kana iya ajiye wani kaso a hatsi, amma ka tuna da abin da ya faru a 2025, kada ka zuba komai a can da fatan farashi zai tashi. In banki za ka kai, zaɓi mai rajista. Tun 2024 hukumar NDIC tana lamunce ajiyar mutum har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, da naira miliyan 2 a ƙaramin banki na al'umma. Guji duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan makonni.

Adashe da ƙungiyar ajiya ta gari su ma hanya ce mai kyau. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar a 1991, ya nuna cewa zubi kaɗan kowane mako yana tara jari. Ku tsara rabon kuɗin ya faɗo gab da lokacin shuka.

Ga malaman gona

Kada ku jira damina kafin ku yi wa manoma maganar taki. Ku kira taro a watan Oktoba ko Nuwamba, tun amfani yana gona, ku yi lissafin kadada ɗaya tare da su da farashin kasuwar garinsu. Ku gayyaci mata da matasa, domin kuɗin gida ta hannunsu yake bi. Ku taimaka wa ƙungiyoyi su haɗa kuɗi su sayi taki a dunƙule, wanda yakan rage farashi da kuɗin mota.

Kammalawa

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin da ka hana kanka kashewa a kaka shi ne irin da za ka shuka da takin da za ka zuba a damina, ba tare da ka durƙusa wa mai ba da bashi ba. Yi lissafinka kafin ka buɗe rumbu, ware na gona da na ci, sa'an nan ka yi hidimarka da abin da ya rage. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.