Teburin Gilashi Da Ma'aunin Zinariya



Maganarmu ta yau a kan wani ɗan teburi ce, mai ƙafafun ƙarfe ko na tagulla, da faifan gilashi a bisa, wanda masu sayar da kayan ado ke jera sarƙa da zobe da 'yan kunne a kansa. Duk wanda ya tashi daga nan Gidan Katta ya ci kasuwar Illela ran Lahadi, ko ya ƙetara Birnin Ƙwanni, ya san irinsa. Tsofaffin cikinsu suna zuwa ne cikin kayan gwanjo. Abin da ya sa gilashi ya yi araha kuwa, a 1959 ne kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi bisa narkakken kuza, ya fito sumul ba sai an goge ba.

Dā ba haka aka saba ba. Dillaliya takan ƙunsa kaya a tsumma ta sa a ƙwarya, maƙerin fari ya baza nasa bisa buzu. Azurfar da ake ƙerawa, da yawanta daga riyal ne mai kan sarauniya Mariya Tiriza, mai ɗauke da shekarar 1780, wanda kashi 833 cikin 1000 na nauyinsa azurfa ce. Kowa ya san abin da aka narka, mai saye kuma ya ɗauka ya jinjina a hannunsa kafin a yi ciniki.

To, ni ban ga aibin teburin ba. Yana tsare kaya daga ƙura, yana sa ido ya huta, ƙarfensa kuma ba zinariya ba ne balle a shiga batun haramcin ƙoren zinariya da azurfa. Amma fa gilashi da hasken fitila suna daidaita abin da bai daidaita ba. Zinariya mai karat 24 ita ce tsantsa. Mai 18 kuwa rubu'inta wani ƙarfe ne daban. Wanda aka yi wa ruwan zinariya kawai, shi ma walƙiya yake yi, wani lokaci har ya fi na gaske. A bisa gilashi duka ukun ƙyalli ɗaya suke yi wa baƙauye. Wanda ya jera su wuri guda ya yi shiru, ya bar haske ya yi masa magana, ya yi algus ko da bakinsa bai furta ƙarya ba. Shi ya sa nake ganin teburin da babu sikeli da dutsen gwaji a gefensa bai cika kayan sana'a ba tukuna.

Sai batun musaya, wanda a nan ne aka fi zamewa. Mace ta kawo tsohon ɗan kunne, ta hango sabo a bisa gilashi, mai rumfa ya ce ta bar nata ta cika kuɗi kaza. Hukuncin da almajiri ke karantawa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid a bayyane yake: zinariya da zinariya sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu, ƙerarre da wanda ba a ƙera ba duk ɗaya ne. Cikon nan riba ce. Mafita ita ce ta sayar da tsohon, ta karɓi kuɗinta su shiga hannunta, sa'an nan ta ƙulla wani ciniki daban. Zinariya da azurfa kuwa ana iya fifita ɗaya bisa ɗaya, amma ba a jinkirta karɓa. Mafi yawan malaman wannan zamani sun riski kuɗin takarda da wannan hukunci, saboda haka mu mutanen bakin iyaka, masu juya naira da sefa dare da rana, abin ya shafe mu ta fuska biyu. A ɗauki sarƙa yau a ce kuɗi sai kasuwa ta zagayo, wannan bai halatta ba, ko da tsakanin aminai ne.

Zakka kuma tana bin niyyar mai kaya. Adon da mace ke sawa, a mazhabar Maliku babu zakka a kansa, ko da ta jera shi bisa irin teburin nan a ɗakinta. Amma wanda aka ajiye domin fatauci, ko aka saya domin ajiya saboda wata rana, kamar yadda mata da yawa ke yi tun da darajar naira ta yi ta faɗuwa, wannan in ya kai nisabi kuma shekara ta kewayo, a fitar. Nisabin zinariya miskali 20 ne, watau kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, abin fitarwa ɗaya cikin 40. Ranar lissafi ɗan kasuwa ya sauke kayan daga gilashi ya aza su a sikeli. Shi teburin, da madubi da fitilar rumfa, kayan aiki ne, ba sa shiga lissafi.

Wassalamu.