Yadda Girkin Zango Ya Zama Abincin Gana

Duk wanda ya kwana a Aboabo, Asawase ko Sawaba, unguwannin da ke ƙarƙashin hukumar Asokore Mampong tun da aka cire ta daga ta birnin Kumasi a 2012, ya san cewa ana idar da sallar asuba layi yake kamawa a gaban masu koko da ƙosai. A layin nan akwai Bahaushe, akwai Ba'asante, akwai Musulmi da Kirista. Abincin da baƙi suka zo da shi ya zama na kowa, kuma hakan yana da tarihi.

Fataucin goro ne tushensa. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Katsina kan yi watanni a hanya kafin su isa Salaga ta ƙasar Gonja, su sauke kanwa da fata da tufafi, su ɗauki goron dajin Asante. Matafiyi kuwa sai da guzurin da ba ya saurin lalacewa: gero, wake, daddawa, ƙuliƙuli da kayan yaji. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sannan basasa ta wargaza Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu, da yawansu suka gangaro kudu. Zangon Kumasi ya bunƙasa bayan 1900, inda Hausawa suka zauna tare da Dagomba, Mosi, Fulani, Zabarmawa da Yarbawa, kowa da tukunyarsa.

A nan girkin arewa ya gamu da amfanin gonar kurmi. Dubi shinkafa da wake, wadda 'yan Gana ke kira waakye. Mai dafawa takan jiƙa wake, ta ɗora shi da karan dafi da 'yar kanwa, ruwan ya rine ya yi jawur, waken ya yi laushi, sannan ta zuba shinkafa. Wajen sayarwa sai ta shimfiɗa ɗanyen ganye, ta zuba, ta bi da garin rogo, taliya, dafaffen ƙwai, ganda, soyayyar agade da shito, wato baƙin yajin nan mai busasshen kifi. Rabi daga arewa, rabi daga kudu, a ganye ɗaya. Haka tuwon zafi: a nan da masara ake tuƙa shi, a ƙara garin rogo don ya yi danƙo, a ci da miyar ayoyo mai daddawa. Koko kuwa gero ne da aka niƙa da citta, kanumfari da barkono, aka tace, aka bar shi ya yi tsami.

Mata ne suka riƙe wannan sana'a, da ita suka ciyar da gidaje, suka biya kuɗin makaranta. Sai dai yawancin ilimin a hannu yake, ba a rubuce ba: yawan kanwar da ta isa, da lokacin da ƙullu ya kai. Idan tsohuwa ta rasu ba ta koyar ba, ya tafi ke nan. Ya kamata matasan zango, maza da mata, su zauna gindin murhu da iyayensu su koya, su kuma rubuta.