MOTA DUKIYA CE, TSAFTA KE TSARE TA

Da sassafe a lokacin hunturu, duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, zai ga abu guda a ƙofar gidaje da ma'aikatu: yaro ko mai gadi riƙe da busasshen tsumma, yana goge ƙurar da ta kwana bisa mota. In ya gama, mai mota ya fito, ya ga jikinta fes, ya sa wa yaro albarka, ya shiga ya tafi. Alhali kuwa abin da aka yi wa motar nan ɓarna ce. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi da wajajen Bilma cike take da ƴan ƙananan ƙwayoyin rairayi, waɗanda suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba, har gilashi suna iya karcewa. Tsumma ya danne su, ya ja su bisa fenti, tamkar mai cuɗa tukunya da yashi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, sai a wayi gari mota ta dushe, a ɗora wa rana laifi ita kaɗai.

Batun nan ba na ado ba ne kawai. Nijar ba ta ƙera mota. Gaskiya ne tun shekarar 2011 matatar SORAZ ta jahar Damagaram ke tace isansi da gazuwal a cikin ƙasa, amma motar kanta, da batirinta, da fentinta, da kayan gyaranta, daga waje ake shigo da su. Shekaru da dama yawancin motoci ta tashar jiragen ruwa ta Kotonu suka riƙa biyowa, tafiyar da ta wuce kilomita 1000 kafin Yamai. A 2023, da aka rufe iyakar Gaya, kaya da yawa suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, wadda ta fi tsawo da wahala. Saboda haka kowace mota da ta mutu tun kwananta bai ƙare ba, asara ce ga mai ita, asara ce ga tattalin arzikin ƙasa. Idan kuwa motar ɗaukar marasa lafiya ce ta wani asibitin karkara, ranar da ta ƙi tashi ana iya rasa rai.

Fenti da maƙiyansa

Fentin mota hawa-hawa ne. Akwai shafin farko wanda ke manne wa ƙarfe ya hana shi tsatsa, sai shafin launi, sai kuma wani shafi garai-garai kamar ruwa, wanda ke bisa, shi ne mai ba da ƙyalli a motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau. Duk hawan nan in an haɗa su, kaurinsu bai fi na gashin kai ɗaya ko biyu ba. Wannan ɗan siririn shafi shi kaɗai ke tsakanin ƙarfe da duniya.

Maƙiyinsa na farko rairayi ne. Na biyu rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digri 40 a inuwa, jikin baƙar mota kuwa da ta wuni a fili kan kai digri 70. Hasken rana na cin shafin nan na bisa sannu a hankali, har ya yi fari-fari ya soma ɓarewa, musamman a rufin mota da murfin inji. In ya ɓare, babu wani man da zai mayar da shi, sai sabon fenti. Na uku shi ne abin da ke faɗowa daga itace: kashin tsuntsu, da na jemage, da ƙaro, da ƴaƴan dogon yaro. Kashin tsuntsu in ya bushe bisa fenti mai zafi yakan bar tabo cikin ƴan kwanaki. Kada a kankare shi da farce ko da wuƙa. A jiƙa tsumma a ɗora masa, a bari ya yi laushi, sannan a ɗauke. Na huɗu shi ne tsakuwar hanya. Duk inda ta fasa fenti har ƙarfe ya fito, nan tsatsa ke farawa da damina. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗigon fenti da bakin tsinken ashana ya isa ya toshe irin wannan rami, in an yi shi da wuri.

Yadda ake wanki

Lokacin wanki shi ne safiya ko maraice, a inuwa, jikin mota da sanyi. Ruwa in ya bushe bisa ƙarfe mai zafi yana barin zane-zane, balle ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa, irin na wasu wurare a Dallol Boso da ƙasar Manga.

Ba a buƙatar tiyo. A gari kamar Damagaram, inda aka daɗe ana fama da ƙarancin ruwan sha, sakin pampo bisa mota almubazzaranci ne. Bokiti uku sun isa ƙaramar mota. Na farko na kwarara ne: a ɗiba da moɗa a zuba tun daga rufi, ƙura ta gangara ba tare da hannu ya taɓa fenti ba. Na biyu na ruwan sabuni ne. Na uku na ɗauraye soso ne: duk lokacin da aka wanke wani sashe, a tsoma soso cikinsa a matse, rairayi ya zauna a gindin bokiti, sannan a koma ga ruwan sabuni. Mai wanki da bokiti ɗaya, rairayin da ya kwashe shi yake mayarwa bisa mota.

A fara daga bisa a gangaro, gama ƙasa ta fi datti. Taya da ƙarƙashin ƙofofi su ne na ƙarshe, kuma da wani soso daban. Soson da ya faɗi ƙasa ba ya komawa jikin mota sai an wanke shi sarai. Garin sabunin wankin tufafi ya yi ƙarfi da yawa: yana cire kakin da ke kare fenti, kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna karce. A nemi sabunin mota, in babu, a sa ɗan sabuni mai laushi. In an ɗauraye, a tsane ruwan da tsabtataccen ƙyalle mai taushi, kada a bar wa rana.

Sau uku ko huɗu a shekara ya kamata a shafa wa mota man gogewa mai kaki. Ana shafa shi kaɗan-kaɗan bisa busasshen fenti mai tsabta, a bari ya yi hazo, sannan a goge. Alamar kaki na nan da sauransa ita ce ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya bisa fenti. In ya shimfiɗe, lokacin sabon shafi ya yi. Amma babu kakin da ya kai inuwa. Rumfar zana ko ta karan gero ba ta da tsada, ta kuma fi gindin itace. Wanda ke lulluɓe mota da ƙyalle kuwa ya tabbata ba ta da ƙura, in ba haka ba iska na kaɗa ƙyallen, shi kuma yana cuɗa fenti dare farai.

Da damina sai a kula da ƙarƙashi. Taɓon jar ƙasa da ke maƙalewa bayan taya yana riƙe danshi kwana da kwanaki. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin Turai sun iso da tsatsa tun daga can, saboda gishirin da ake zuba wa hanyoyinsu lokacin ƙanƙara. A wanke taɓon, a kuma zurara tsinke cikin ƴan ramukan da ke gindin ƙofofi, don ta nan ruwan sama ke fita.

Ɗakin inji

Mutane da yawa ba sa ɗaga murfin inji sai ran da hayaƙi ya tashi. Amfanin tsabtace inji shi ne a ga ciwo tun yana ƙarami. In mai da ƙura sun daskare sun rufe ko'ina, ba a gane inda ke yoyo.

Sai dai da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai abubuwa uku da ba a yi. Ba a zuba ruwan sanyi bisa inji mai zafi. Ba a wanke inji da isansi, gama tururinsa na kama wuta da ɗan tartsatsi. Ba a kuma harba masa ruwa mai ƙarfi. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 ma ruwa kan hana su tashi in ya shiga delko, balle motocin yanzu masu ƙwaƙwalwar lantarki da wayoyi birjik, waɗanda kuɗin gyaransu ke da yawa.

Ga yadda ake yi. A bar inji ya huce. A kwance wayar batiri mai alamar ragi (-) da farko, in za a mayar kuma ita ce ta ƙarshe. A rufe dinamo, da akwatin fis, da bakin shan iska da leda. A kakkaɓe busasshiyar ƙura da burushi, sannan a bi wuraren maiƙo da tsumma da ruwan sabuni, a goge da ɗanyen ƙyalle. A cire ledojin, a bar murfi buɗe ya sha iska kafin a tayar.

Batiri. Zafi ne babban mai kashe shi. Farin gari ko shuɗi da ke taruwa a kawunansa yana hana wuta wucewa. Cokali ɗaya na bikarbonat cikin kofin ruwa na wanke shi, tataccen ruwan kanwa ma na yi, muddin bai shiga cikin batirin ba. In ya bushe a shafa ɗan giris ko basilin. Batiri mai marufai ana ƙara masa ruwan batiri tatacce wanda ake sayarwa a kwalba, har ya rufe farantan ciki, ba ruwan rijiya ba. Ruwan da ke cikinsa na ƙona fata da tufafi, kuma ba a kusantarsa da taba ko ashana.

Matatar iska. Ita ce hancin inji. Ƙurar da ta kuɓuce mata tana gauraya da mai, ta riƙa cin ƙarfen inji daga ciki. Matatar takarda ba a wanke ta da ruwa. A fitar da ita, a bubbuga a hankali, a ɗaga ta wajen haske: in haske ba ya ratsawa, ko ta yage, a sauya. Mai bin hanyar jar ƙasa, ko hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, kada ya jira adadin kilomitan da littafin mota ya faɗa, ya duba ta bayan kowace doguwar tafiya.

Radiyata. Ƙaiƙayi, da ƙarangiya, da fara, da ƙura na toshe ramukanta, iska ta kasa wucewa, inji ya yi zafi. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Ba a buɗe murfinta da zafi: ruwan ciki a matse yake, zafinsa na iya wuce digri 100, ya yi tsartuwa ya ƙona fuska. Ruwan rijiya na barin ɓawo a cikinta kamar na tsohuwar buta. Ruwan sanyaya inji mai launi shi ya dace da ita.

Daga nan a duba igiyar da ke juya dinamo ko ta tsattsage, a matsa tiyoyin roba a ji ko sun bushe, a leƙa ko ɓera ya ci waya, musamman a motar da ke dakon hatsi. A yi hattara da man birki, gama in ya ɗiga bisa fenti yana cinye shi, sai a wanke da ruwa nan take. Wata dabara kuma ita ce a shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji da dare. Da safe baƙin ɗigo na nuna man inji ne, ja galibi man giya ne ko na sitiyari, kore ko ruwan hoda na radiyata ne. Da wannan shaida za a je wa makaniki.

Tsohon mai da ruwan wankin inji ba a zubar da su kusa da rijiya, ko tabki, ko garka. Mai kaɗan na ɓata ruwa mai yawa, kuma mutane da dabbobi ne za su sha.

Motar hukuma

Ana yawan jin cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Wannan magana kuskure ce. Da harajin manomi da makiyayi da ɗan kasuwa aka sayi motar ma'aikata, da ta likita, da ta malamin gona, da ta mai duba makarantun yaƙi da jahilci. Direban da aka danƙa wa ita amana ya karɓa, shugaban ma'aikata kuma shi ke da alhakin ba shi bokiti da sabuni da lokaci. Ya kamata kowace ma'aikata ta tsai da rana guda a mako ta wanki da duba inji, a kuma ajiye ɗan littafi cikin mota, inda direba zai rubuta ranar da aka sauya mai, da matatar iska, da batiri. Wanda ya yi karatun manya ya iya riƙe wannan littafi da Hausa, ba sai da Faransanci ba.

Aikin nan duka bai fi awa guda a mako ba, kayansa kuma bokiti uku ne, da soso biyu, da ƙyalle, da burushi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.