Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: "Librairie" da Laburare

Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci a Tasawa ko Mayahi, idan ya tsallaka Katsina neman ƙarin ilimi, yakan ci karo da kalmomin Ingilishi masu kama da waɗanda ya sani, amma ma'anarsu daban. A Faransanci, "librairie" kantin sayar da littattafai ne. "Library" kuwa, wadda Hausa ta ara ta mayar laburare, ɗakin karatu ne.

Tushensu ɗaya ne, wato "liber", littafi a harshen Latin. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Ingilishi, ciki har da "librairie", wadda a lokacin take nufin ɗakin karatu. Ingilishi ya riƙe tsohuwar ma'anar, Faransanci kuma ya miƙa ta ga "bibliothèque" mai asalin Girkanci. Haka "lecture" take: a ajin Tasawa karatu, a jami'ar Katsina lacca.

Saboda haka kada kamannin kalma su ruɗi mai fassara tsakanin Nijar da Nijeriya. Asali na nuna dangantaka, amma bakin masu harshe ke yanke ma'ana.