Ko Kun Sani? Raunin Ji Na Iya Jawo Gigin Tsufa

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan, ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, wadda muka saba kira gigin tsufa. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba duk suna ciki. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne raunin ji, domin shi kaɗai an ɗora masa kashi 7 cikin 100.

Masana na ganin idan kunne ya yi nauyi, ƙwaƙwalwa kan ƙarar da ƙarfinta wajen tsinto kalmomi, abin da za ta riƙe sai ya ragu. Ga kuma kaɗaici. Dattijon da ya gaji da cewa "me ka ce?" yakan janye daga majalisa, ya zauna shiru, mu kuma mu ce ai tsufa ne. Wannan sakacin namu yana damuna ƙwarai.

Binciken Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka na 2023 ya bi tsofaffi 977 har shekara uku. A jimlarsu ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka ba na'urar ƙara ji da waɗanda ba a ba su ba, amma cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗarin cutar, na'urar ƙara ji ta rage saurin dusashewar tunani da kashi 48 cikin 100.