Man birki ba maganin makero ba ne

Saƙon murya ne na minti uku da 'yan kai, ya zaga zaurukan WhatsApp na iyaye mata, daga na 'yan biki har na Islamiyya. Wata mata ce ke magana da muryar wadda ta san abin da take faɗa. Wai duk yaron da gashinsa ke zubewa fili-fili, a kankare wurin da reza har ya yi ja, a ɗiga man birki, kwana uku an wuce wurin. Ta ce a wurin aski ake kwaso ciwon, wani sa'in kuma hannu aka sa wa yaro, sannan in aka yi masa ƙwal-kwabo sumar za ta fito da kauri. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta ce ga inda ta koyi aikin likita ba, amma ta roƙi a tura wa 'yan uwa saboda Allah. Aka kuwa tura.

A cikin maganganun nan huɗu, ɗaya gaskiya ce, biyu shaci-faɗi ne, ɗaya kuma tana iya bar wa yaro tabon da zai tsufa da shi.

Mafi yawan yaran da ake gani da fili a ka, fari-fari mai ɓarɓashi da ƙaiƙayi, gashin wurin ya kakkarye, makero ke damunsu. Ƙwayar cutar dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ce, kuma ba a saman fata kawai take zama ba. Cikin silin gashi take shiga har saiwarsa. Shi ya sa abin shafawa kaɗai ba ya kai gare ta, ko da na asibiti ne, balle man mota.

Shi man birki, a tambayi kowane bakanike: in ya zuba a jikin mota aka bar shi, fenti yake ci. Abin da ake so a ɗiga ke nan a kan ɗan shekara shida, a fatar da aka riga aka yaga da reza. Wurin zai ƙone, ya yi ɓawo, ɓarɓashin ya ɓace na 'yan kwanaki, uwa ta ce magani ya ci. Ƙwayar cutar kuwa tana nan a saiwa, ga kuma ƙofa an buɗe wa wasu cututtukan. Kan ya kumbura, ya tara ruwa, ya fara mugunya, kaluluwa ta fito a wuya. Idan ƙuna ko kumburi suka kashe saiwar gashi, tabo ne ke maye gurbinta, kuma gashi ba ya tsirowa a kan tabo. Haka lamarin yake ga kananzir, ruwan batir da dakakkiyar tafarnuwa da ake ɗaurewa a ka.

Ba a ga laifin uwar da ta gwada ba. Ɗanta ya dawo daga makaranta ido ya yi ja saboda tsokanar yara, ya ƙi cire hula ko da rana ta take. Ta je kemis an ba ta man shafawa mai haɗi uku, ƙaiƙayi ya lafa, fili ya ƙara faɗi, domin irin wannan man yana ɗauke da sinadarin da ke danne garkuwar fata. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Laifin yana wuyan wadda ta naɗi saƙon ba tare da ta san me take rabawa ba.

Maganin makero na sha ne. Griseofulvin, wanda ake amfani da shi tun 1958, ana shan sa mako shida zuwa takwas, da abinci mai maiƙo ko madara don jiki ya karɓe shi sosai. Akwai kuma terbinafine, na wajen mako huɗu. Ma'aikacin lafiya ne zai auna nauyin yaro ya yanke adadi. Sabulun wanke kai mai ketoconazole yana rage yaɗuwa, amma ba ya maye gurbin na sha. Inda iyaye ke tuntuɓe shi ne daina bayarwa a mako na biyu don an ga sauƙi.

Maganar wurin aski gaskiya ce. Kilifa ɗaya kan bi kawunan yara da yawa a jajibirin Sallah ba a wanke ta ba. Mataji, hula, matashin kai da tawul duk suna ɗauka, har kyanwar gida. In an samu mai makero, a duba kawunan sauran yaran gidan.

Aski ba ya ƙara wa suma kauri ko yawa. Sabon tsiro ne kawai ke da kaushi a hannu.

Batun sa hannu kuwa, filin da ya fi jawo zargi shi ne wanda ke bayyana dare ɗaya, sumul kamar kwabo, ba ƙaiƙayi ba ɓarɓashi. Garkuwar jikin yaron ce ke far wa saiwar gashinsa. Ba a ɗauka, kuma da yawa gashin kan dawo cikin shekara, ko da yake ba wanda zai iya yin alkawari a kan kowane yaro. Akwai kuma zubewar da ke biyo bayan zazzaɓi mai tsanani da wata biyu ko uku, wannan da kanta take warwarewa. Yarinyar da gaban goshinta ke zaizayewa, a sassauta mata kitso. Gashin da ya yi ja ya yi laushi, tare da kumburin ƙafa, alamar tamowa ce, asibiti za a nufa a ranar.

Duk wadda saƙon nan ya iso wayarta, ta goge shi, ta kuma gaya wa wadda ta turo mata dalili. Wadda ta riga ta shafa man birkin, ta wanke kan da ruwa mai yawa, ta kai yaron asibiti, ta faɗa wa likita ainihin abin da aka sa.